Ranar da Mama Rahila ta kara kunne a bokitin giya

Da safen nan ina tsaye a kicin ina jiran ruwan shayi ya tafasa, wayata ta yi ƙara. Alheri ce, 'yar Mama Rahila, daga Birmingham.

"Aunty Jummai, Mum's gone."

Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan. Sai kuka.

Mama Rahila ta rasu. Na rubuta, na karanta, har yanzu zuciyata ta ƙi yarda. Da asuba ta cika a asibiti, likitoci sun ce zuciya ce. Ranar Talatar nan fa muka yi waya, tana yi mini faɗa don na tura mata hoton yarana a waje ba hular sanyi.

Da Alheri ta ɗan natsu sai ta sake kira. Tambaya ɗaya ta yi mini, kuma tambayar ce ta zaunar da ni a ƙasan kicin. Ta ce tun ɗazu take birkita kayan mamanta, ba ta ga zanin zumunta ba.

"Ba da shi ake shirya su ba, Aunty? I've looked everywhere."

Ga waɗanda ba 'yan coci ba, bari in yi muku bayani. Zumuntar mata tana da zaninta da ɗankwalinta, iri ɗaya ga kowa. Ranar da aka karɓi mace, sai an yi wa zanin addu'a kafin ta ɗaura. In ta mutu, da shi ake shirya ta, sauran matan su zo cikin nasu, su raka ta da waƙa har bakin kabari. Mama ta fi shekara talatin tana ɗaura shi, tun daga gida har nan. Ita ce kuma mai buga mana tulun kiɗa in mata za su yi waƙa.

Zanin ba ya Birmingham. Yana nan Manchester, a gidan shugabar zumuntarmu. Karɓe shi aka yi shekara huɗu da suka wuce, kuma ni na jawo.

Alheri ba ta sani ba. Tana jami'a lokacin, Mama kuma ta hana kowa ya gaya mata.

Na san wasunku za su ce, to, Jummai ta fara. Na yarda, na taɓa buga abu a kan baiwar Allahn nan ba da izininta ba, kuma na ga abin da ya haifar. Wannan karon da izininta nake rubutu. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Na san Mama tun zuwana ƙasar nan karatu. Ina zaune a wani ɗan ɗaki a unguwar Ardwick, ga sanyi, ga kaɗaici, ga wata 'yar rigar sama da na sayo a Kaduna ina ganin na gama shiri. Ranar Lahadi ta farko a coci ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ke, 'yar wa ce? Da wannan tsumman za ki yi hunturu?" Kafin in ba ta amsa ta cire kwat ɗinta ta yafa mini. Ita ta koma gida da mayafi kawai.

Ita ta samo mini aiki a cibiyar da tsofaffi ke wuni, inda take aiki. Ita ta koya mini yadda ake ɗaga tsoho daga kujera ba tare da kin karya bayanki ba. Ita ta raka ni wurin likita lokacin da cikina na fari ya zube, ta zauna tana riƙe da hannuna.

Ita ce kuma ta laƙaba mini suna Rediyo, wai ba a kashe ni sai dai batir ya ƙare. Ban taɓa jin haushi ba, gaskiya ce.

To sai ga shekarun nan da kansil, wato hukumar gari, ta shiga yanke-yanken kuɗi. Yau a rufe laburare, gobe a rufe wurin wasan yara. Muka ji ƙishin-ƙishin cewa cibiyarmu ma tana kan layi. Manajanmu, wani Bature mai kirki da ake kira Colin, ya ce a shirya gasar kacici-kacici don a tara wa cibiyar gudummawa, a kuma nuna wa hukuma cewa unguwa tana bayanmu. Kun san Turawa, in za su yi irin wannan, a mashaya suke yi. Aka sa ranar Lahadi da rana, a wata tsohuwar mashaya a Withington.

Mama ta ce ita ƙafarta ba ta taɓa taka irin wurin ba, ba kuma za ta fara da furfura ba.

Ni na matsa mata. Na ce kowane tebur mutum huɗu ake so, mu kuma uku ne. Na ce don tsofaffinmu ne fa, ba don kanmu ba. Na san inda zan taɓa ta ke nan. Akwai wata tsohuwa a cibiyar da ba ta cin abinci sai Mama ce ta ba ta a baki.

Ta ce, "Rediyo, za ki kai ni ki baro ni wata rana."

Ranar ta faɗo daidai Lahadin mata, wadda 'yan zumunta ke jagorantar sujada, wato ibadar coci. Don haka daga coci muka wuce, tana cikin zaninta da ɗankwalinta. Ta sa doguwar kwat ta ɓalle maɓallai har wuya. Muka shiga, ta zaɓi kujerar da ta fi kusa da ƙofa, ta ɗora jaka a cinya, ta karɓi lemo ta riƙe ba ta ko kurɓa ba. Fuskar nan tata kamar wadda aka kawo ofishin 'yan sanda.

Aka fara. Ƙwallo, muka sha kashi. Waƙoƙin Turawa, muka sha kashi. Tarihin sarakunansu, Colin da kansa ya ba mu kunya. Da aka karanto maki, teburinmu ne na biyun ƙarshe, kuma waɗanda ke bayanmu ba su zo da wuri ba ne.

Sai mai mashayar, wani dattijo mai jan gemu, ya ce zagayen ƙarshe a kan giya ne, makinsa kuma ninki biyu. Ashe shi ma yana dafa tasa a wani ɗaki ta baya, abin alfaharinsa ke nan.

Na ce a raina shi ke nan, mu tattara. Ni ba na sha, Mama ba ta sha, ɗayar abokiyar aikinmu 'yar Somaliya ce, Colin kuma sha kawai ya iya.

Tambaya ta farko: a zamanin da, a ƙasar nan, su wa ke dafa giya a gidaje, maza ko mata? Colin ya rubuta maza.

Sai na ji murya ƙasa-ƙasa a gefena, da Hausa. "Ce masa ya goge. Mata ne."

Na ce, "Mama, ya aka yi kika sani?"

Ta ce, "Wane namiji ne zai wuni biyu a gindin wuta yana juyi? Su nasu sha ne."

Mata ne kuwa.

Ta biyu: me ya sa ake jiƙa hatsi a bar shi ya tsira kafin a dafa? Ba ta jira na tambaye ta ba. "Don ya yi zaƙi. Tsiron ne ke fito da zaƙin hatsi. In ba zaƙi, ba abin da zai tashi." Na fassara wa Colin, ya rubuta yana kallonta baki buɗe.

Ta uku: wane hatsi ake dafa giya da shi a Afirka ta Yamma maimakon sha'ir? Mama ta harari mai tambayar kamar ya zage ta. "Dawa mana. Ja ta fi, ki ce masa ya rubuta ja."

Aka tambayi abin da ake yi da dusar da ta rage bayan an tace. Ta ce aladu ake ba. Aka tambayi abin da ke sa kumfa ta taso bayan dahuwa ta huce. Ta ce ai sai an zuba mata tsohuwa, wato ragowar ta baya, abin da su suke kira yis. Ɗaya ce kawai ta wuce ta, da aka ce wace ƙasa ce ke yin wata giyar kwalba. Ta taɓe baki ta ce, "Wannan tambayar masu sha ce, ba ta masu dafawa ba. A bar wa Colin."

Wurin ya yi zafi, jama'a sun cika, ga hita tana ɗumama ɗaki. Ban lura da lokacin da ta ɓalle kwat ɗin ta rataye a bayan kujera ba. Ita ma na tabbata ba ta lura ba. Ta jawo kujera ta matso, ta ƙwace biro daga hannun Colin, idonta yana ƙyalli. Shekara bakwai ina tare da matar nan, ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

Da aka haɗa maki, muka yi kunnen doki da wani tebur na ƙartai huɗu masu gemu, irin waɗanda ke yawo gari-gari don ɗanɗana giya.

Mai mashayar ya ce shi zai raba gardama. Ya shiga baya ya kinkimo wani farin bokiti mai murfi ya dire a tsakiyar ɗaki. Ya ce wannan tasa ce da ke kan tashi, kowane tebur ya faɗi kwana nawa ke nan da ya zuba mata yis.

Ƙartan nan suka zo suka ɗaga murfi, suka shinshina, suka yi ta shawara da manyan kalmomi. Suka ce kwana biyar.

Mama ta tashi. Ba ta taɓa murfin ba. Ta gyara zani ta durƙusa, ta kara kunne a jikin bokitin, ta lumshe ido. Kowa ya zuba mata ido. Can sai na ga murmushi ya suɓuce mata.

Ta miƙe ta ce masa da Turancinta na ma'aikaciyar jinya, kwana uku ne. Ta ƙara da cewa ɗakin da ya ajiye ta ya yi sanyi, shi ya sa take magana a hankali, ya samo bargo ya lulluɓe ta.

Dattijon ya dafe kai. Kwana uku ne cif. Kuma hitar ɗakin ta lalace tun shekaranjiya.

Ku zo ku ga tafi. Har ƙartan nan sai da suka tashi tsaye. Kyautar da muka ci kwalin giya ce, Mama ta ce ko da ɗan yatsa ba za ta taɓa ba, Colin ya kwashe abinsa yana godiya.

A hanyar komawa na tambaye ta inda ta koyi duk wannan. Ta ce, "A duniya." Ta juya tana kallon tagar bas.

Ga inda na yi ɓarnar. Lokacin da take durƙushe, na ɗauke ta hoto. Hoton ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Ga ɗankwalin zumunta, ga zanin da rubutunsa ya fito raɗau, ga kunne a bokiti, ga kwalabe jere a bayanta. Ni ban ga kwalaben ba. Ban ga zanin ba ma. Abin da na gani kawai shi ne uwata ta kayar da Turawa a gidansu, kuma ina so duniya ta sani.

Kafin in sauka daga bas na tura shi group ɗin coci na waya. Har da rubutu a ƙasa, wai mai tulunmu ta gagara.

Mutum biyu suka yi dariya. Daga nan shiru. Wannan shirun, duk wanda ya taɓa zama a group ɗin coci ya san shi. Kafin in goge, hoton ya riga ya kai Najeriya ya dawo.

Ranar Laraba shugabannin zumunta suka kira ta. Ba na so a karanta wannan a ɗauka miyagun mata ne. Na san abin da giya ta yi a gidajen wasunsu. Akwai wadda ubanta ya sayar da gonarsu kaf a gidan burukutu. Akwai wadda har yau akwai tabon kwalba a goshinta. In suka ga zanin da aka yi wa addu'a a gaban bokitin giya, ba abin da na gani suke gani ba.

Suka ce abu biyu za ta yi a gaban mata, magana ta wuce. Na farko, ta roƙi gafara don ta shiga mashaya da zanin zumunta. Na biyu, ta faɗa da bakinta cewa dafa giya aikin Shaiɗan ne, mai yinsa kuma ba ta da rabo da jama'ar Allah.

Ta ce, "Na farko zan faɗa, don na yi kuskure. Na biyu ba zan faɗa ba."

Aka yi juyin duniya. Aka ce magana ɗaya ce fa, ke da ba ki sha, me zai ci ki? Ta ƙi, kuma ta ƙi faɗin dalili. Aka sa ta ƙarƙashin horo. Ranar Lahadi ta kawo zanin da ɗankwalin, ta wanke ta goge, ta ninke a leda ta miƙa wa shugaba da hannu biyu.

Ta koma bencin baya. Ba ta fasa zuwa coci ko sau ɗaya ba. In mata suka tashi waƙa, wata ce ke buga tulun, hannunta kuma bai faɗa ba tukuna. Sau ɗaya na waiga, na hango yatsun Mama a kan gwiwarta suna buga daidai. Ban sake waigawa ba.

Ni fa? Ni da ake kira Rediyo, na rasa bakin magana. Ban je gidanta ba. Ban tashi a gaban mata na ce ni na ja ta ba, ni na ɗauki hoton, ni na tura. Na roƙi Colin ya canza mini ranakun aiki don kada mu haɗu. In na hango ta a ƙofar coci sai in tsaya gyara wa yaro takalmi. Tsoro ne da kunya, ba wani suna da zan ba shi.

Cibiyar ma da muka yi abin dominta, bayan wata takwas aka rufe ta. Aka rarraba tsofaffin. Mama ta tattara ta koma Aston da ke Birmingham, kusa da makarantar Alheri. Ban je sallama ba.

Shekara uku ba mu yi magana ba.

Bara da na haifi autana, wani direba ɗan cocinmu ya ƙwanƙwasa ƙofa ya miƙo mini ƙulli, ya ce daga Birmingham. Na buɗe, yajin jego ne, dakan hannu, ƙamshinsa ya cika falo. A ciki akwai 'yar takarda da rubutunta mai karkata: "Rediyo, batir ne ya ƙare?"

Na yi kuka har sai da mijina ya karɓi jaririn.

Da na yi arba'in na hau mota zuwa Birmingham. Na isa flat ɗinta da azahar, tana dafa faten tsaki da yakuwa. Tana buɗe ƙofa na zube a ƙasa na kama ƙafarta.

Ta ce, "Tashi, kafet ɗin nan na mai gida ne, kar ki jiƙa mini shi."

Na ce, "Mama, ki yafe mini."

Ta ce, "Kin yi wauta, Jummai, wauta mai lasisi. Amma tun a ranar na yafe. Abin da ya fi mini ciwo shi ne da kika daina zuwa cin abinci. Wa kike so ya cinye mini fate?"

Sai da ta ga na cinye kwano guda, ta karɓi jaririn ta saɓa a kafaɗa, sannan ta ce, "Kin taɓa tambayata inda na koya. Zauna."

Ta ce sunan mahaifiyarta Larai. A wani ƙauye bayan Kafanchan. Mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya biyar da gona ɗaya mai duwatsu. Burukutu take dafawa, duk ranar kasuwa tukunya uku. Ta ce mako guda ake yi ana aikin: a jiƙa dawa, a shanya a rufe da ganye ana yayyafa ruwa har ta tsira, a busar, a niƙa, a dafa, a bari ta yi tsami, a sake dafawa, a tace, a jira ta tashi.

"Tun ina 'yar shekara bakwai take kama kaina ta kara a jikin tukunya. Ta ce mini, tukunya ba ta ƙarya, ki saurare ta. In tana surutu da yawa, da saura. In ta fara magana ɗaya-ɗaya, gobe kasuwa. Ita kanta ba ta sha. Ɗan yatsa take tsomawa ta taɓa harshe, shi ke nan."

Ta ce a tukunyar nan su biyar suka yi makaranta. A tukunyar nan ta zama ma'aikaciyar jinya. Kunnen da take buga tulu da shi ma, a can ta samo shi.

Ta ce Larai ba ta taɓa fashin coci ba. Bencin baya, kowace Lahadi, shekara da shekaru. Ba a taɓa ba ta jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi, ba, ba ta kuma taɓa yin ƙorafi ba.

"Ranar da aka karɓe ni a zumunta, kin san wa ya saya mini zanin farko? Ita. Ta ƙirga kwanakin kasuwa ta saya, ta ɗinke bakinsa da hannunta. Ta tsaya a baya tana guɗa."

Ta jijjiga yaron. Sannan ta ce da Larai ta mutu, matan zumunta sun zo gaisuwa, amma ba su yi waƙa ba, don mai burukutu ce. Ita kuma Mama lokacin ita ce sakatariyarsu.

"Ina tsaye a bakin kabarin cikin zanin nan, Jummai. Wata tsohuwa abokiyar sana'arta ce ta ɗaga murya da waƙar yarenmu, ita kaɗai. Na san waƙar. Uwata ce ta koya mini. Na kalli matan, na rufe bakina."

Hawaye yana zuba amma muryarta ba ta canza ba.

"Sau ɗaya na yi musun uwata. Ya isa. Shi ya sa da suka ce in faɗi maganar nan, na ce a'a. Ba na cewa giya abin kirki ce, na ga gidajen da ta rusa, na yi jinyar waɗanda ta cinye wa hanta. Amma in tsaya in ce Larai ba ta da rabo da jama'ar Allah? Wannan ba ni zan yanke ba."

Na ce, "To murmushin da kika yi ranar fa?"

Ta ce, "Muryar tukunyar uwata na ji a bokitin. Shekara ashirin ban ji ta ba. Ashe ta Turawa ma yare ɗaya take yi da tamu."

Na tambaye ta ko tana kewar zanin.

Ta ce, "Kullum. Duk Lahadi hannuna sai ya je wurin da nake ajiye shi. Ina so a kwantar da ni da shi, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba zan saye shi da uwata ba."

Na ce zan koma Manchester in je in sami matan in faɗa musu komai. Ta yi dariya har yaron ya farka.

"Ke? Ki bari sai na mutu, lokacin bakin nan naki zai yi amfani. Ki faɗa duka, har sunanta. Ni kunya ba za ta bar ni ba."

Na ce ta daina irin wannan maganar. A raina na ce akwai lokaci, zan je in na samu natsuwa, in yaron ya yi wayo, in an gama bikin Kirsimeti. Wata tara ke nan. Ban je ba.

Ta raka ni har tashar bas, tana tafiya a hankali tana tsayawa, ta ce gwiwa ce. Yanzu nake tunanin ba gwiwa ba ce. Ta cusa mini daddawa a jaka, ta gyara wa yaron hula. Da motar ta zo ta ce, "Ki gaida mijinki. Ki rage surutu, ki ƙara wa miyarki gishiri."

Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Mama Shugaba, iyayena mata na zumunta, na san kuna karantawa. Da girmamawa nake magana. Ni na ja ta zuwa wurin nan. Ni na ɗauki hoton, ni na watsa. Ni na yi laifin, ita ta ɗauki horon, ni kuma ina zaune a bencin gaba shekara huɗu ina tafi. In akwai wadda ta cancanci bencin baya, ga ni, ku sa ni, ba zan ce uffan ba.

Yanzu kun ji dalilin da ta ƙi gaya muku. Ba taurin kai ba ne.

Da ƙarfe goma sha biyu zan zo ƙofarki, Mama Shugaba. Ba faɗa zan zo yi ba, durƙusawa zan yi. Motata ta Birmingham ƙarfe uku ce. Akwai yarinya a Aston da ke zaune a tsakiyar kayan uwarta tana neman zani, kuma yau dole in zaunar da ita in gaya mata abin da na yi. Ina roƙonki don girman Allah, kada in isa wurinta hannu wofi.

Ranar jana'iza kuma, duk wadda zuciyarta ta ba ta, ta ɗaura nata ta zo. A zo da tulun.

Mama, na gode da kwat, na gode da fate, na gode da yaji. Ki yafe mini wata taran nan ma, kamar yadda kika yafe sauran. Ubangiji ya karɓe ki, ya share miki hawaye, ya ba ki hutun da ba ki samu a ƙasar sanyin nan ba. Ya riƙe Alheri, ya zama mata uwa da uba.

Ku da kuka karanta, Kirista da Musulmi, don na san akwai gidaje da yawa a Manchester da Birmingham da ta yi wa jego ba ta tambayi addininsu ba, ku taimaka ku sa ta a addu'a yau. In kun ambaci Rahila, ku haɗa da Larai. Ita ba a yi mata waƙa ba.